Théodore Monod: Madugun Hamada da ya Shata ma Dabbobin Teku Makiyaya

Duk wanda ya taɓa zama wurin sasanta manomi da makiyayi ya san amfanin shata burtali. In ba a san inda dabbobi ke bi ba, da inda suke kiwo, da inda suke shan ruwa, to ba yadda za a yi a tsare musu hanya: gona za ta cinye burtali, rigima ta tashi. Haka al'amarin yake cikin teku. Ga idon baƙo, teku ruwa ne shimfiɗe, ko'ina ɗaya. Amma ga halittun da ke cikinsa, teku yana da makiyaya, yana da burtali, yana da wuraren haihuwa da na renon ƴaƴa, yana kuma da hamadarsa inda abinci ya yi wuya. Wanda ke son kare waɗannan halittu, tilas ya fara da sanin wurarensu, sa'an nan ya zana su bisa taswira.

Labarin yau na wani masani ne ɗan ƙasar Faransa, Théodore Monod, wanda ake faɗin sunansa Mono. Duniya ta fi saninsa da ratsa Sahara bisa raƙumi, amma ainihin sana'arsa nazarin kifaye ne da sauran halittun ruwa. Shawararsa ce ta sa ƙasar Muritaniya ta keɓe wani yanki na gaɓar tekunta, wanda a yau yana cikin manyan wuraren da aka tsare ma dabbobin teku a nahiyar Afirka.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Monod ran 9 ga watan Afirilu na shekara ta 1902 a birnin Ruwan, arewacin Faransa. Ubansa, Wilfred Monod, limamin kirista ne sananne, gidansu kuwa gidan karatu ne tun kaka da kakanni. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka ƙaura zuwa Paris. A can akwai wani tsohon lambu na gwamnati inda aka tara itatuwa da dabbobi na ƙasashe iri iri, da babban Gidan Nazarin Halittu a cikinsa. Nan ne uwarsa ke kai shi shan iska, nan ne kuma zuciyarsa ta kafe. Tun bai gama makaranta ba ya kafa wata ƴar ƙungiya ta masu sha'awar halittu, har suna buga ƴar jaridarsu.

Cikin shekara ta 1922, yana da shekara ashirin, aka ɗauke shi aiki a wannan gida, a sashen da ke kula da kamun kifi na ƙasashen da Faransa ke mulka, ƙarƙashin wani shehun malami mai suna Abel Gruvel. Bai daɗe ba aka tura shi bakin aiki, wurin da ba kowane saurayin Paris zai yi murna da shi ba.

Shekara guda a Nuwadibu

Ƙarshen shekara ta 1922 ya sauka a garin da Turawa ke kira Port-Étienne, wato Nuwadibu ta yau, a arewacin Muritaniya. A wancan zamani garin bai wuce bariki da ƴan gidaje ba. Ba itace, ba rijiyar kirki, sai rairayi da iska. Amma ruwan da ke gabansa yana cikin mafi yawan kifi a duniya, kuma akwai dalili. Iskar arewa tana hurawa kusan dukan shekara, tana tura ruwan sama nesa da gaɓa. Sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, ɗauke da takin da ya taru a can ƙarƙashi. Da wannan taki ya sami hasken rana, ƙananan tsirrai da ido ba ya gani su yi ta yaɗuwa, ƙananan kifaye su ci su, manya su ci ƙanana. Ƙasa busasshiya ƙurmus, teku kuwa kamar fadama.

Aikin Monod shi ne ya san abin da ke cikin wannan ruwa. Yakan bi jiragen masunta, ya duba abin da taru ya kamo, ya auna, ya zana da hannunsa, ya rubuta ranar da aka kama da wurin da aka kama. Wannan ɗabi'a ta rubuta wuri da rana ga kowane abu ita ce tushen duk wata taswira ta halittu, kuma bai rabu da ita ba har tsufansa.

A nan ne ya gamu da wata dabba wadda Faransawa ke kira fok. Ga wanda ya san ayu na kogin Kwara, siffarsu ta ɗan yi kama: jiki mulmulalle, ƙafafu kamar filafilin kwalekwale, tana shaƙar iska, tana shayar da ɗanta nono. Bambancin shi ne ayu ciyawa yake ci, ita kuwa fok kifi take farauta, kuma takan fito tudu ta haihu. Babba yakan wuce metir biyu, nauyinsa ya kai kilo 300. Irin wadda ke zaune a Bahar Rum da wannan gefe na Atalantika ta taɓa yin yawa ƙwarai. Wani marubucin tarihi na Fotugal ya ba da labari cewa cikin shekara ta 1436 matuƙansu sun tarar da wajen dubu biyar kwance bisa rairayi, arewa da Nuwadibu, suka yi ta kashewa don fata da mai. Shekara da shekaru ana wannan ɓarna, har ragowar suka bar fili suka koma ɓuya cikin kogunan dutse na bakin teku. Monod ya buga takarda cikin shekara ta 1923 yana tabbatar ma masana cewa dabbar tana nan a gaɓar Sahara, ya kuma sake rubutu a kanta cikin shekara ta 1948. Garken da ke zaune a wannan tsiri na ƙasa, wanda ake kira Ras Nuwadibu, shi ne daga baya aka gane mafi girma da ya rage a duniya.

Daga jirgi zuwa raƙumi

Da wa'adinsa ya cika, maimakon ya shiga jirgin ruwa ya koma gida, sai ya bi wani ayari cikin watan Oktoba na shekara ta 1923, daga Nuwadibu zuwa Sanluwi ta Sanigal, tafiyar kusan kilometir 800 bisa raƙumi. Teku na hannun dama, hamada na hannun hagu. Tun daga ranar rayuwarsa ta rabu tsakanin waɗannan biyu.

Cikin 1925 da 1926 ya zaga Kamaru yana nazarin sana'ar su, daga bakin teku har tafkin Cadi, ya rubuta littafi a kai. A 1926 ya sami digirin dokta da bincike kan wasu ƙananan halittun teku, dangin jatan lande, waɗanda ƴaƴansu ke shan jinin kifi kamar kaska. A 1927, yana cikin wata tawaga da ta ratsa Sahara daga Aljeriya zuwa Dakar, shi da abokin tafiyarsa suka tono ƙasusuwan wani mutumin dā a Asselar, arewacin Mali. Da lokacin aikin soja ya zo, sai ya yi shi a matsayin ɗan raƙumi a kudancin Aljeriya. Ya yi aure a 1930 da Olga Pickova, ƴar ƙasar Cek, suka haifi ƴaƴa uku. A 1934 ya tafi yankin Shingit neman wani ƙaton ƙarfe da wani hafsan Faransa ya ce ya faɗo daga sama. Ya daɗe yana koma ma wannan nema, amma a ƙarshe, bayan fiye da shekara hamsin, ya fito fili ya bayyana cewa a ganinsa hafsan dutse ya gani, ba ƙarfe ba. Masanin ƙwarai ba ya jin kunyar faɗin abin da bincike ya nuna, ko da ya saɓa ma burinsa.

Shugaban IFAN a Dakar

Cikin shekara ta 1936 gwamna janar na Afirka ta Yamma, Jules Brévié, ya kafa wata cibiyar bincike a Dakar mai suna IFAN. Wannan Brévié shi ne gwamnan Nijar da ya ɗauke babban birni daga Damagaram ya mai da shi Yamai a 1926. A 1938 aka naɗa Monod shugaban cibiyar. Ya tarar da gini kusan wayam, ya bar ta a 1965 da ɗakin karatu, da gidan tarihi, da mujallu, da tashar nazarin halittun teku a tsibirin Gore, da rassa a ƙasashe da dama. Reshen Yamai, wanda aka buɗe a 1944, shi ne asalin cibiyar binciken ilimin ɗan adam ta jami'ar Yamai, wato IRSH.

Zamanin yaƙin duniya na biyu ya gwada halinsa. Da Faransa ta faɗi hannun Jamus, hukumar Dakar ta bi gwamnatin Vichy mai nuna wariyar jinsi. Monod ya ƙi yi mata mubaya'a, ya kuma yi ta sukar wariya cikin jawaban da yake yi a gidan rediyon Dakar har aka tsai da su. Dangin matarsa, waɗanda Yahudawa ne, an hallaka su a Turai. Cikin waɗannan shekaru ya zama inuwa ga waɗanda hukuma ta sa ma ido. Shi ne ya jawo Amadu Hampate Ba zuwa IFAN a 1942, lokacin da ake tsananta ma almajiran Cerno Bokar na Banjagara. Shi ne kuma ya karɓi Jean Rouch sa'ad da aka kore shi daga aikin hanya a Nijar, mutumin da daga baya ya shahara da fina-finai kan jama'ar kogin Kwara.

Duk da nauyin ofis, bai saki teku ba. A 1942 aka ba shi kujerar shehun malami a Gidan Nazarin Halittu na Paris. A 1956 ya fitar da wani littafi mai shafi fiye da 600 kan ƙaguwar Afirka ta Yamma, iri iri, da siffar kowace da wuraren da ake samunta, littafin da masana suka daɗe suna dogara da shi. A 1957 ya zama shugaban farko na sashen kimiyya na jami'ar Dakar, a 1963 kuma aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa.

Gani ya kori ji

Har zuwa tsakiyar ƙarni na ashirin, masana suna sanin ƙarƙashin teku ne kamar yadda mai guga ya san gindin rijiya: sai abin da igiya ta jawo. Wani masani ɗan ƙasar Suwis, Auguste Piccard, ya ƙera wani jirgi na nitso: ƙwallon ƙarfe mai kauri da mutum biyu ke shiga, rataye a ƙarƙashin babban tanki cike da fetur. Da yake fetur bai kai ruwa nauyi ba, shi ke ɗaga jirgin. In ana son nitsewa sai a ɗora masa harsashin ƙarfe, in ana son tasowa a zubar. Cikin watan Oktoba na 1948, kusa da tsibiran Kap Ber, aka yi gwajin farko da mutane a ciki, Piccard da Monod. Metir 25 kawai suka sauka, amma sun kwashe sa'o'i da yawa a kulle kafin a fid da su. A 1954 Monod ya sake shiga wani sabon jirgi irin wannan a gaban Dakar, ya sauka metir 1,400, inda hasken rana ba ya kaiwa, ya ga kifayen wurin da idonsa.

Cikin waɗannan shekaru ne kuma ya yi manyan tafiye-tafiyensa na hamada. Tsakanin 1953 da 1964 ya yi ta ratsa Majabat al-Kubra, wani fili tsakanin Muritaniya da Mali inda ba rijiya. Sau ɗaya ya tashi daga Wadan zuwa Arawan, kilometir 900, ba inda za a cika salka. A 1964, can tsakiyar rairayi, ya iske kayan wani ayari na zamanin dā da aka binne: sandunan tagulla wajen dubu biyu, da tarin wuri. Wuri kuwa, wanda kakannin Hausawa suka yi ciniki da shi, ƙwanson wata halittar teku ce daga tekun Indiya. Ko a cikin hamada, teku bai daina biyo shi ba.

Tudun ruwa na Argin

Kudu da Nuwadibu akwai wani yanki na teku da ake kira Banc d'Arguin, wato tudun ruwa na Argin. Ruwan wurin ba shi da zurfi, a wurare da yawa bai kai metir biyar ba. Sau biyu a yini teku yakan janye ya bar filayen laka da ciyawa iya ganin ido, sa'an nan ya dawo ya rufe su. Tsakaninsu akwai tsibirai, mafi girma shi ne Tidra, da mashigai masu karkace-karkace. Matuƙa sun daɗe suna tsoron wurin. Ran 2 ga watan Yuli na 1816 wani jirgin yaƙin Faransa mai suna Méduse ya kafe a nan, saboda rashin taswira ta gari da rashin gwanintar shugabansa. Mutum wajen 150 aka ɗora bisa katakai da aka ɗaure, bayan kwana 13 aka tsinci 15 da rai.

Abin da ya zama kabari ga manyan jirage, shi ne ya zama mafaka ga halittu. Ciyawar teku da ke tsirowa cikin laka makiyaya ce ta kunkurun teku, kuma maɓoya ce ta ƴaƴan kifi da jatan lande kafin su girma su fita babban ruwa. Ke nan kifin da manyan jirage ke kamawa can nesa, da yawansa a nan aka rene shi. Tsibiran kuwa, da yake dila ba ta isa wasunsu, nan kwasakwasa da zalɓe da sauran tsuntsayen ruwa ke yin sheƙa. Wani limamin kirista masanin tsuntsaye, René de Naurois, ya bi tsibiran ɗaya ɗaya tun daga 1959 yana rubuta irin da ke ƙyanƙyasa a kowanne. Da sanyi ya sauka a arewacin duniya, ƙananan tsuntsaye masu dogon baki sukan taso daga Siberiya da Girinlan da arewacin Turai, su yi dubban kilometir, su sauka a wannan laka su ci tsutsa da ƙananan ƙwansuna. Wata ƙidaya da aka yi a baya ta nuna sun wuce miliyon biyu.

Akwai kuma mutane. Wata ƴar al'umma ta masunta, Imragen, ta yi ɗaruruwan shekaru a ƴan ƙauyuka na bakin gaɓa. Sana'arsu kamun wani kifi ne mai tafiya garke garke, wanda ke bi ta nan a lokacinsa. A dā sukan shiga ruwa da ƙafa, taru a kafaɗa, su bugi ruwa da sanda. Dabbar nan mai wayo da ake kira dolfin, in ta zo farauta, takan koro kifin zuwa gaɓa, mutum ya samu, ita ma ta samu. Matansu su shanya naman, su fid da mai, su busar da ƙwan kifin wanda ke da tsada a kasuwa.

Monod ya san wannan gaɓa tun yana saurayi, ya kuma ga abin da ke tafe. Bayan samun ƴancin kai, manyan jiragen su na ƙasashen waje suka cika ruwan Muritaniya, da taru mai jan ƙasa wanda ke kwashe kome, babba da ƙarami, ya tuge ciyawa har saiwa. In irin wannan taru ya shiga Argin, wurin renon ya mutu, babban teku kuma ya tsiyace. Wanda ya cinye iri ba shi da shuka baɗi. Shugaban ƙasa Muktar Uld Dada ya karɓi shawarar. Cikin watan Yuni na 1976 aka sa hannu bisa dokar kafa gandun ƙasa na Argin.

Abin lura shi ne yadda aka shata iyakar. Faɗin gandun kilometir murabba'i 12,000 ne, kusan rabi ruwa, rabi tudu, kuma ya ɗauki wajen sulusin gaɓar ƙasar. Ba a keɓe tsibiran tsuntsaye kaɗai aka bar lakar da ke ciyar da su ba, ba a kuma tsare laka aka bar ruwan da ke shayar da ita ba. Ba a kori Imragen ba. An bar musu haƙƙin su a cikin gandun, su kaɗai, bisa sharaɗin su yi aiki da jiragen filafilai, ban da inji. A 1982 aka sa Argin cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A 1986 aka ƙara masa wani ɗan yanki a Ras Nuwadibu domin kare fok, a shekarar nan kuma wani attajiri masanin tsuntsaye ɗan Suwis, Luc Hoffmann, ya kafa gidauniya don taimakon gandun. A 1989 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Shi kansa Monod ya rubuta tarihin tsibirin Argin, inda Fotugal ta gina ganuwa tun ƙarni na goma sha biyar don cinikin zinariya da bayi, aka buga littafin a 1983.

Halinsa da tsufansa

Mutum ne ɗan siriri, mai ƙarancin ci da sha. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, daga baya ya bar cin nama gaba ɗaya. Kirista ne mai riƙo da addininsa, amma yana girmama Musulunci da malamansa, har ya yi rubutu kan rayuwar Cerno Bokar. A ganinsa, ilimin da bai haifi tausayi ba ilimi ne gurgu. A 1960 ya sa hannu cikin wata takarda ta mutum 121 masu adawa da yaƙin da Faransa ke yi a Aljeriya, abin da ya jawo masa fushin hukuma. Da ya tsufa, kowace shekara daga 6 zuwa 9 ga watan Agusta yakan yi azumi a bainar jama'a kusa da Paris, don tuna bama-baman Hiroshima da Nagasaki. Ya yi adawa da farautar nishaɗi, da tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda a ganinsa raini ne ga hamada da mazaunanta.

Bayan ya yi ritaya bai daina zuwa ɗakin bincikensa ba, yana nazarin ƙasusuwan kan wasu kifaye masu baki kamar na aku. Tsirran da ya tara da hannunsa, kowanne da lambarsa, sun wuce dubu ashirin. Yana da shekara 91, idonsa ya kusa rufewa, ya sake hawa raƙumi a Muritaniya. Ya rasu ran 22 ga watan Nuwamba na shekara ta 2000 a Bersay, kusa da Paris, yana da shekara 98. A 2007 aka sa ma gidan tarihin IFAN na Dakar sunansa.

Abin da ya biyo baya

Iyaka bisa takarda ba ta isa ita kaɗai ba. A 1997, Monod yana da sauran rai, wata annoba ta faɗa ma garken fok na Ras Nuwadibu. Cikin ƴan watanni kashi biyu cikin uku suka mutu, daga ɗari uku da ƴan kai suka koma ɗari da ƴan kai. Masana sun kasu biyu, wasu sun ce dafin ƙananan tsirran ruwa ne, wasu sun ce cuta ce mai yaɗuwa. Abin da ya ceci ragowar shi ne sanin wurarensu dalla dalla: kogunan da suke haihuwa, da ruwan da suke farauta. Tun daga 2001 aka sa masu gadi bisa duwatsun da ke saman kogunan, aka daidaita da masunta su nisanta tarunsu daga bakin wurin. Sannu a hankali garken ya farfaɗo, ya sake wuce ɗari uku. A 2023 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sassauta matsayin wannan dabba cikin jerin masu fuskantar ƙarewa, ko da yake haɗarin bai gushe ba.

Kayan aikin zamani sun tabbatar da abin da Monod ya hango. An liƙa ma kunkurun teku ƴan na'urori masu magana da tauraron ɗan adam a tsibirin Poilão na Gine Bisau, inda suke yin ƙwai, sai aka ga da yawansu suna iyo wajen kilometir dubu zuwa Argin don kiwo. Ashe wurin haihuwa yana wata ƙasa, makiyaya tana wata, burtalin kuma ya ratsa ruwan Sanigal da Gambiya. Tsare ɗaya ba tare da sauran ba aikin banza ne, shi ya sa ƙasashen wannan gaɓa suka haɗa gandayen tekunsu cikin ƙungiya guda a 2007. Jiragen bincike masu auna zurfi da amsa-kuwa sun gano jerin tuddan murjani na ruwan sanyi, tsawon fiye da kilometir 400, a gaban Muritaniya, da wani babban kwari a ƙarƙashin teku kusa da kudancin Argin. A 2015 kuma hotunan tauraron ɗan adam suka nuna hanyar wani tsohon kogi binne cikin rairayi, mai gangarowa zuwa wannan kwari, kamar yadda dallol ke nuna inda ruwa ya taɓa gudu. Hamada da teku, waɗanda Monod ya raba ransa tsakaninsu, ashe dama a haɗe suke.

Sauran aiki yana da yawa. Ƙidaya ta nuna wasu daga cikin tsuntsayen Argin sun ragu idan aka gwada da farkon shekarun 1980. Jiragen su suna matsa ma iyakar gandun, neman man fetur da gas a cikin teku yana ƙaruwa, ruwan tekun kansa yana ɗumama yana tasowa. A watan Disamba na 2022 ƙasashen duniya suka yi alkawari a Montreal za su tsare kashi 30 cikin ɗari na tudu da na teku kafin shekara ta 2030. Amma kashi talatin na ina? In aka shata fili inda ba kome don a cika lissafi, an yaudari kai. Sai an san inda ake haihuwa, da inda ake kiwo, da inda ake bi.

Wannan shi ne darasin rayuwar Théodore Monod ga ma'aikaci da talaka, ko a ƙasar da ba ta taɓa teku ba. Kafin hukuma ta sa hannu bisa doka a 1976, wani ya yi fiye da shekara hamsin yana zuwa wurin da ƙafarsa, yana tambayar masunta, yana rubuta suna da rana da wuri. Makiyaya, ko ta raƙumi ce ko ta kunkurun teku, ba ta tsaruwa sai ga wanda ya san iyakarta.